Mutuwa da Rana: Zance a kan Masu-duba da Karta

Wanda ya ke da Littafi Mai-tsarki kusa da shi, bari ya buɗe Daniel sura ta 2 ya sa tsinke a wurin, gama za mu komo kanta.

Wata Lahadi a Gummi, bayan an tashi daga sujada, wani saurayi ya tsaya a baya har jama'a suka watse. Na san shi, na san uwarsa. Na kuma san abin da ya sami gidansu: 'yan bindiga sun tare hanya sun tafi da wansa, a lokacin kwana goma sha tara ke nan. Sun yi waya sau ɗaya, daga nan shiru. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, ina da tambaya, amma don Allah kada ka yi fushi." Na ce, "Faɗi, ɗana." Sai ya zaro wayarsa ya nuna mini hoton karta biyu. A ta farko akwai ƙwarangwal sanye da sulke bisa farin doki. A ta biyu akwai babbar rana mai fuskar mutum, ga wani ɗan yaro a ƙarƙashinta, shi ma bisa doki. Ya ce wata mace ce a intanet ta jawo masa su, ya aika mata da kuɗi. Ta gaya masa sunan ta farko Mutuwa, ta biyu Rana, haɗuwarsu kuwa tana nufin wahala ta zo ƙarshe, farin ciki yana tafe. Da zuciyarsa ta ƙi kwanciya, sai ya kai hoton wurin wani mai-duba dabam. Shi kuwa ya ce a'a, idan tambaya a kan wanda ya ɓace ce, Mutuwa da Rana tare suna nuna mutumin ya riga ya huta, labarin kuma zai fito fili ba da jimawa ba. Saurayin ya ce, "To, Baba, wanne ne daidai? Yayana yana da rai, ko ba shi da rai?"

Ban tsauta masa ba. Yaron da ya ke kallon uwarsa tana ƙin tuwo kwana goma sha tara, tsawa ba za ta yi masa magani ba. Amma tun ran nan na ƙudura in rubuto muku, domin na gane ba shi kaɗai ba ne. A Anka da Bukkuyum na sami waɗansu samari da 'yammata na ekklesiya suna kallon irin wannan a waya, iyayensu kuwa ba su ma san sunan abin ba.

Turawa suna kiran kartar nan tarot, ba su furta harafin ƙarshe. Kada mai-karatu ya rikita ta da taron jama'a, ko da taron nan na kuɗin dā, rabin sisi. Ƙunshi ɗaya karta 78 ne. Guda 56 kamar kartar nan ce da a ke bugawa a tasha, gida huɗu: sanduna, kofuna, takubba da tsabar kuɗi. Sauran 22 ɗin su ne manya, kowace da hotonta da sunanta, kamar su Wawa, Masoya, Shaiɗan, Hasumiya, Wata, da biyun nan da yaron ya nuna mini. Masu sana'ar sun ce karta ɗaya ba ta cika magana, sai an haɗa ta da wadda ta faɗo kusa da ita, ɗaya ta ƙara wa ɗaya ƙarfi, ko ta rage mata, ko ta juya ma'anarta sarai. Gwanintar mai-duba duka a nan ta ke, wajen haɗa biyu.

Daga ina abin ya fito? Masu tallarsa su kan ce asiri ne na Masar ta dā, tun zamanin su Fir'auna. Tarihi bai yarda ba. Kartar wasa ta shiga Turai wajen 1370. Ita wannan mai hotuna 22 na ƙari, an fara ganin labarinta a Italiya wajen 1440, a gidajen sarauta irin na Milan da Ferara. Wasa a ke yi da ita, a ci a cinye, har yau kuma a Faransa ana wasan nan. Shekara fiye da ɗari uku ba a san ta da duba ba, in ban da ɗan abin da ba a rasa ba. Sai a 1781 wani Bafaranshe mai suna Court de Gébelin ya buga littafi ya ce kartar nan littafin firistocin Masar ne a ɓoye. Shi da kansa ya faɗa cewa a gidan wata mata ya tarar ana wasan, ya dubi hotunan, nan take ya ce ya gane asirinsu. A lokacin ba mai iya karanta rubutun Masar ta dā ko mutum ɗaya. Sai a 1822 Champollion ya buɗe hanyar karanta shi, kuma tun daga ran nan ba a sami zancen kartar nan a ciki ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, Court de Gébelin fasto ne. Ya kamata mu masu-wa'azi mu riƙe wannan, mu san bakinmu ma yana iya haifar ƙaryar da za ta yi shekara ɗari biyu tana yawo.

A zamanin nan ne kuma wani ɗan kasuwa a birnin Paris, sunansa Alliette, ya juya haruffan sunansa baya ya zama Etteilla, ya zauna ya tsara wa kowace karta ma'ana: idan ta fito a miƙe kaza, idan ta fito a kife kaza. Ya mai da abin sana'a, yana karɓar kuɗi, yana koyarwa. Hotunan da yaronmu ya gani kuwa, a 1909 aka buga su a London. Wata mata, Pamela Colman Smith, ita ta zana su bisa ga umurnin wani mutum, Arthur Waite. Shi wannan har ya musanya lambar karta biyu, ya kai ta takwas wurin ta goma sha ɗaya, ta goma sha ɗaya wurin ta takwas, domin su dace da tsarin da shi ke so. Asirin da mutum ya ke iya sāke masa wurin zama da alƙalami, ƙaƙa za ya san inda 'yan bindiga suka ajiye wani a dajin Zamfara?

Bari mu yi ɗan lissafi, ku masu-makaranta ku gwada da kanku. Idan ka jawo karta biyu daga cikin 78, hanyoyin haɗuwarsu 3,003 ne. Idan an kula da wadda ta riga fitowa, sun zama 6,006. Idan an ƙara da zancen miƙe da kife, sun zama 24,024. Da yawa kuma uku su ke jawowa, jerin uku kuwa 456,456 ne, tun ba a yi zancen kifewa ba. Wane ne ya zauna ya gwada waɗannan duka a kan rayukan mutane, har ya tabbata kaza da kaza idan sun gamu ga abin da ya kan faru? Ba wanda ya yi. Shi ya sa mace ta ce rai, namiji ya ce mutuwa, a kan hoto guda. Ku lura kuma da wayon da ke cikin biyun nan. Idan wan yaron ya komo, Rana ta faɗi gaskiya. Idan bai komo ba, Mutuwa ta faɗi gaskiya. Ko ta ina aka faɗi, kartar ta tsira, kuɗin kuwa ya riga ya tafi.

Kada dattawa su karanta wannan su ce, ai halin yaran zamani ne da wayarsu. Mu ma muna da namu, ya kuma girmi wannan. Wa ya girma a ƙasar nan bai san bugun ƙasa ba? Mai-duba ya kan baza rairayi a faifai, ya yi ta diga yatsa layi-layi ba ƙirge, sa'an nan ya share ɗigon biyu-biyu, a ƙarshen kowane layi ɗaya ya rage ko biyu. Layi huɗu su ba da siffa guda. Siffofin duka 16 ne, da yawa kuma suna kiransu da sunayen annabawa, su Yusufu, Adamu, Ibrahim, Ayuba, Nuhu, Yunusa, Musa. Daga layi 16 ya fitar da uwaye huɗu, daga jikin uwayen ya ciro 'ya'ya huɗu. Daga nan sai aure: ya haɗa takwas ɗin nan biyu-biyu su haifi huɗu, huɗun su haifi shaidu biyu, shaidun su haifi alƙali. Dokar auren kuwa ba wuya. Ɗaya da ɗaya, biyu. Biyu da biyu, biyu. Ɗaya da biyu, ɗaya. Ashe abin da Baturiya ta ke yi da karta, malamin ƙasa ya daɗe yana yinsa da rairayi, haɗa biyu domin a sami na uku. Waɗansu yanzu da biro da takarda su ke yi, waɗansu kuwa wuri su ke zubawa, a duba wanda ya kife da wanda ya buɗe.

Akwai wani abu game da alƙalin nan da masu-lissafi suka daɗe da sani. Saboda yadda a ke aurar da siffofin, alƙali ba ya taɓa fitowa da ɗigo mara. Kullum cika ne. Wato cikin siffa 16, takwas kaɗai su ke iya zama alƙali. Tun mutum bai fito daga gidansa da tambayarsa ba, an riga an rufe rabin ƙofofin hukunci. Lissafin kansa daidai ne, ba na musun wannan. Inda ƙaryar ta shiga shi ne wurin da aka ɗaura lissafin a wuyan mutum aka ce ga matarka, ga cinikinka, ga ranar mutuwarka. Maƙwabtanmu Musulmi masu ilimi ma ba su yarda da shi ba. Shehu Usman ɗan Fodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadin 1804, ya soki masu da'awar sanin gaibu ta wurin zanen ƙasa da taurari. To, mai-bi da ya ke ratsawa ta bayan gari da dare zuwa wurin mai-duba, wace shaida ya ke bayarwa ga maƙwabcinsa da ya gan shi?

Yanzu mu komo wurin Daniel. Sarki Nebukadnezzar ya yi mafarki ya dame shi, ya kira masu-duba da masu-sihiri na Babila. Suka yi abin da suka saba, suka roƙe shi ya faɗi mafarkin, su kuwa su ba da fassara. Sarki ya ƙi. Ya ce su fara faɗin mafarkin tukuna, ta haka za ya san fassararsu abin dogara ce. Suka sāke roƙo, ya ce ya gane jan lokaci su ke yi. Daga ƙarshe suka faɗi gaskiya da bakinsu, cewa ba ɗan adam a duniya da ya isa ya yi abin da sarki ya ke nema. Sarkin nan mugu ne, ya so ya karkashe su, ba kuwa na yabon wannan. Amma a kan abu ɗaya ya fi yawancinmu hankali: ya gane mai-duba daga bakin mai-tambaya ya ke samun jarinsa.

Na tambayi saurayin nan, "Kafin matar ta jawo karta, me ka gaya mata?" Ya ce ta tambayi sunansa, da abin da ke damunsa, da kwana nawa da ɓatan, da ko an yi waya. Na ce, "Me ta gaya maka wanda ba kai ka fara gaya mata ba?" Ya yi shiru ya daɗe. Haka abin ya ke a faifan rairayi ma. Mace ta shigo da goyo, idonta ya yi ja, ɗan yana numfashi da ƙyar; ba sai an buga ƙasa ba kafin a san abin da ya kawo ta. Kai ne ka ke kai hatsi, shi ya niƙa, ya sayar maka da garinka.

Da abin ya tsaya a asarar kuɗi, da ban cika muku shafi ba. Barnar ta fi haka. Mai-duba ba ya son a fita daga wurinsa hannu wofi, abu mafi sauƙin bayarwa kuwa shi ne maƙiyi. A cikin kartar nan akwai Wata, wadda su ke cewa tana nuna ruɗi da abokan gaba na ɓoye. Akwai kuma Sarauniyar Takubba, mace zaune da takobi tsirara. Idan biyun nan suka faɗo tare, me ku ke tsammani za a gaya wa mai-tambaya? Akwai wata mace kusa da ke, tana yi miki dariya, zuciyarta ba haka ba. Ba a faɗi suna ba, gama ba a sani ba. Mai-tambaya ce za ta cika sunan a hanyarta ta komawa gida: kishiyar uwa, ko suruka, ko matar wa, ko wadda su ke zama benci ɗaya a zumuntar mata. Na ga gida ya rabu a kan magana irin wannan. Na ga mata biyu da aka yi musu baftisma rana ɗaya a rafi ɗaya, sun yi shekara ba su gaisa ba, suna kuwa miƙa hannu ga gurasa ɗaya a Jibin Ubangiji. Wadda aka zarga ba ta ma san an kai ƙararta ba, balle ta kāre kanta. Dokar nan ta tara da ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, ba ta keɓe shaidar da aka sayo daga wurin mai-karta ba.

Mu mutanen yammacin Zamfara muna da darasi a kan wannan wanda ba mu da ikon mantawa. A 2010 yara ƙanana suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, 'Yargalma da Tungar Guru. Yaro ya yi amai, ya yi ta jijjiga, ya suma, shi ke nan. A watan Maris na shekarar nan ma'aikatan ƙungiyar likitocin MSF suka lura da yawan mutuwar. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba, na sanƙarau bai yi ba. Sai da aka ɗebi jini aka kai aka auna, aka kuma auna ƙasar gidajen, sa'an nan aka gane gubar dalma ce. Duwatsun zinariya da a ke kawowa cikin gida a daka a turmi, a niƙa a inji, suna ɗauke da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yaro ya ke rarrafe yana kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka mutu. Maganin da ya yi aiki shi ne a kankare ƙasar gida a kwashe, a zuba mai tsabta, sa'an nan a ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini. Bagega ba ta sami wannan aiki ba sai a 2013.

Ka ɗauka wata uwa a kwanakin nan ta ɗauki ɗanta ta tafi a duba mata. Da me za ta komo? Da sunan mayya, ko na iska, ko da umurnin ta yanka baƙar kaza. Ta komo ta shimfiɗa yaron a daidai wurin da ke kashe shi. Maƙiyin yana cikin turmi. Ƙasar nan da a ke bugawa domin ta faɗi gaibu, ita ce ta ɗauke da gubar, ba ta kuwa gaya wa kowa ba sai da aka auna ta. Allah bai hana mu bincike ba. Shi ya ba mutum hankalin da ya ƙera ma'aunin jini. Abin da duba ya kan yi shi ne ya ba mutum amsa da wuri, har ya daina neman dalili.

Na san wani za ya ce, "Malam, amma ni an taɓa duba mini, abin kuwa ya faru." Ban ƙaryata ka ba. Wanda ya harba kibiya ɗari cikin garke dole wata ta sami akuya, mu kuwa mun iya tuna wadda ta samu, mu manta da sauran. Ban da haka, Littafi Mai-tsarki bai ce duka wayo ne kawai ba. A Filibi, cikin Ayyukan Manzanni sura ta 16, akwai kuyanga mai aljanin duba, iyayengijinta suna samun riba mai-yawa ta wurinta. Abin da ta riƙa faɗa a kan Bulus da Sila gaskiya ne, duk da haka Bulus ya fitar da aljanin cikin sunan Yesu Kristi, gama yarinyar baiwa ce riɓi biyu. Saul kuma, a 1 Samu'ila sura ta 28, shi da ya kori masu-mabiya daga ƙasar, tsoro ya sa ya ɓad da kama ya tafi Endor da dare. Abin da aka gaya masa ya cika sarai. Me ya amfane shi? Ya faɗi warwas a ƙasa, ƙarfi ya ƙare masa, ya tafi yaƙi ya mutu. Kubawar Shari'a sura ta 18 ta hana duba iri-iri ba tare da ta tsaya tambayar ko yana cin daidai ba. Sura ta 13 ma ta ce ko alamar ta cika, idan mai-maganar yana jan mutum ga barin Ubangiji, kada a ji shi. Tambayar ita ce, a gaban wa ka durƙusa da tsoronka?

Wani kuma za ya ce, ai Yusufu ma ya yi fassara. Ku duba Farawa sura ta 40 da kyau, gama a nan ma abu biyu ne suka faɗo tare. Mai-shayarwa ya ga rassa uku, mai-toye-toye ya ga kwanduna uku. Mafarkai biyu masu kama da juna, a dare ɗaya, a kurkuku ɗaya. Da mai-toye-toye ya ji fassarar ɗan'uwansa ta yi daɗi, sai ya kawo nasa da sa zuciya. Mai-karta da ya lallaɓa shi, ya ba shi magana mai fuska biyu. Yusufu ya fara da cewa fassara ta Allah ce, bai nemi ladan duba ba, sa'an nan ya gaya wa ɗaya za a mai da shi aikinsa, ɗaya kuwa za a rataye shi, ya kuma sa rana: kwana uku. Maganar da kowa ke iya gwadawa ke nan. Ku gwama wannan da "ba da jimawa ba" na mai-duban yaronmu. Zancen ƙuri'a ma haka. Manzanni sun jefa ta sau ɗaya domin zaɓen Matiyas, bayan sun yi addu'a. Daga saukowar Ruhu Mai-tsarki ran Fentikos ba mu sāke karanta sun yi ba.

To, akwai maganar da ta fi mini nauyi, ita kuwa a kanmu ta ke, mu shugabanni. Na tambayi saurayin me ya sa bai zo wurinmu tun farko ba. Ya ce, "Baba, an yi mana addu'a a majami'a Lahadin farko. Bayan haka ba wanda ya taka gidanmu. Ita kuwa matar nan ko da tsakar dare na rubuta mata, tana amsawa." Kunya ta rufe ni, gama ni ma ina cikin waɗanda ba su taka ba. Mai-duba yana da abu guda da ya fi mu: ya kan zauna, ya saurara, ba ya duban agogo. Kuɗi ne ke zaunar da shi, na sani. Mu da muka ce ƙauna ce ke aike mu, ina muka tafi? Ku dubi abin da Daniel ya yi sa'anda takobi ke wuyansa. Ya roƙi a ba shi lokaci, ya tafi gida wurin abokansa uku, Hananiya da Mishayel da Azariya, ya gaya musu, suka nemi jinƙan Allah tare. Yana da mutum uku da za ya buga wa ƙofa. Mai-bi a Bukkuyum da aka sace masa shanu, ko gwauruwa a Anka da ɗanta ya tafi ramin zinariya bai aiko ba, wa za su buga wa?

Allah ya buɗe wa Daniel asiri a daren nan, amma bai yi alkawari za ya yi wa kowannenmu haka ba. Na gaya wa yaron a fili, "Ɗana, kartar nan ba ta san inda yayanka ya ke ba. Matar ba ta sani ba, mutumin bai sani ba. Ni ma da na ke fastonka ba a nuna mini ba, ba kuwa zan yi maka annabcin ƙarya domin ka ji sanyi. Wanda ya sani yana tare da shi a can inda ya ke, ya kuma ba da Ɗansa dominsa." Na ga amsar ba ta yi masa daɗi kamar ta mai-karta ba. Ya yi kuka. Na bar shi ya yi.

A Afisa waɗanda suka tuba sun kawo littattafansu na sihiri suka ƙone a gaban jama'a, aka ƙididdige kuɗinsu ya kai azurfa dubu hamsin. Ba na cewa a ƙone waya. Amma wanda ya san yana da lambar mai-duba a cikinta, ko laya da aka ba shi a wurin bugun ƙasa, bari ya je wurin dattijo ɗaya da ya amince da shi, ya faɗa, a share abin tare. Wanda kuma aka sa ya zargi wani, akwai bashi a kansa, sai ya je ya nemi gafara, ko da wancan bai san an zarge shi ba. Ku dattawan ekklesiya, idan irin wannan ya zo muku da kansa, kada ku fara da karanta sunansa a gaban jama'a. Idan kun yi haka ga na farko, na biyu ba za ya zo ba, za ya koyi ɓoyewa ne kawai.

Da yamma ran nan muka tafi gidansu, ni da dattawa biyu da shugabar zumuntar mata. Uwar ta ci abinci kaɗan a gabanmu. A nan yaron ya gaya mata abin da ya yi da kuɗin da ta ba shi na taki, ita kuma ta ce, "Ni ma na aiki ƙanwata wurin mai-wuri." Suka dubi juna. Muka tsara gida biyar, kowane da ranarsa, domin kada gari ya waye ya faɗi ba wanda ya shiga ya gaishe ta. Wani ɗan'uwa ya ɗauki noman gonarsu, wani kuma shi ke raka yaron duk inda a ke bin sawun maganar. Har ran da na ke rubuta wannan, wan bai komo ba. Laraba ita ce ranata.